Ido ba mudu ba ne: me kuskuren yaro wajen gane girman abu ke faɗa game da basirarsa?

A zuba kunu ludayi biyu a faffaɗan ƙoƙo, a zuba wani ludayi biyun a dogon kofi siriri, sannan a ce wa yaro ɗan shekara biyar ya ɗauki wanda ya fi yawa. Galibi dogon kofin zai miƙa wa hannu, ko da a gaban idonsa aka auna. A ajiye masa dala biyar da dala goma, sai ya ɗauki dala biyar, domin ita ta fi faɗi a tafin hannu. A nuna masa raƙumi can ƙarshen gona, ya ce ɗan ƙarami ne. Manya kan yi dariya su wuce. Amma akwai gidaje da azuzuwan da dariyar ke rikiɗewa ta zama hukunci: yaron nan ba shi da kai.

Irin wannan hukunci na da tsada a yanki kamar Magarya da Dungas na jahar Damagaram. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a gundumar Magarya, da sama da 350,000 a ta Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011, kuma kusan rabin jama'ar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kowane watan Oktoba dubban ƴan shekara shida da bakwai ke shiga ajin farko na CI, daga Bande da Waca har Malawa da Dogo-Dogo. A watannin farkon nan ne mushe ke gane wanda zai zaunar gaba da wanda zai bari a baya. A nan ne kuma uba ke yanke shawara ko ɗansa na lakkol ne ko na kiwo, ko ɗiyarsa za ta ci gaba ko a aza mata tiren talla. Idan ma'aunin da aka auna yaron da shi gurgu ne, an yi asarar da ba ta da sauƙin mayarwa.

Masana sun fi shekara 130 suna bin wannan tambaya: shin yadda yaro ke ganin girma da ƙanƙantar abu na nuna kaifin basirarsa? Amsar da ta fito daga ayyukansu ita ce, abin da ido ke gani ya fi bin shekaru, da wurin da aka tashi, da lafiyar jiki. Basira na shigowa ne a mataki na biyu, lokacin da yaro ya koyi tuhumar idonsa, ya nemi hujja ko ma'auni.

Ido na ɗauko hoto, ƙwaƙwalwa na fassara

Haske ne ke tasowa daga jikin abu ya shiga ƙwayar ido, ya sauka kan wani siririn tantani da ke bayan idon. Girman hoton da ke sauka a nan ya dogara da abu biyu: girman abin da kuma nisansa. Idan saniya tana mita 10 daga gare ka, sai ta koma mita 20, tsawon hotonta a cikin idonka ya ragu da rabi. Shi ya sa babban yatsa, in aka miƙa hannu aka rufe ido ɗaya, ke iya ɓoye iccen gawo da ke nesa.

Duk da haka ba wanda ke cewa saniyarsa ta ƙanƙance don ta yi nisa. Ƙwaƙwalwa ce ke gyara lissafin ba tare da mutum ya sani ba. Tana amfani da ɗan bambancin da ke tsakanin abin da idon dama da na hagu ke gani, da shimfiɗar ƙasar da ke tsakaninka da abin, da abubuwan da ke kusa da shi waɗanda ka san girmansu, kamar mutum ko rumbu.

Wannan gyara na farawa tun daga haihuwa. A 1990, Alan Slater da abokan aikinsa a Exeter ta ƙasar Ingila sun gwada jarirai ƴan kwana biyu ko makamancin haka. Sun yi ta nuna musu ɗan akwati guda a nisa daban-daban har suka saba da shi, sannan suka kawo wani mai girma dabam, suka daidaita nisan yadda hotunan biyu za su yi daidai a cikin ido. Jariran suka fi zuba wa sabon ido, alamar sun bambanta girman gaskiya da girman hoto. Ke nan harsashin wannan baiwa ba a lakkol ake samunsa ba, kuma ba kason masu ƙoƙari ba ne su kaɗai.

Gyaran kuma ba ya rasa kuskure, ko ga manya. Wata a daren sha huɗu, lokacin da yake fitowa ta bayan itatuwa, kan yi kama da faifai babba, in ya hau tsakiyar sama sai ya koma ƙarami. Wanda ya ɗauki hotonsa a lokutan biyu da na'ura guda zai ga faɗinsa kusan ɗaya ne. Malami da jahili, likita da makiyayi, duk wannan ruɗin na kama su.

Tsohon zato: mai kaifin ido shi ne mai kaifin basira

Wanda ya fara gwada wannan zato da yawan mutane shi ne Francis Galton. A wani baje koli da aka yi a Landan a 1884, ya auna mutum sama da 9,000. Ya duba ƙarfin ganinsu da jinsu, da yadda suke iya raba tsawon sanda da ido kawai. A tunaninsa, tun da ta ido da kunne ilimi ke shiga, wanda ƙofofinsa suka fi kaifi shi zai fi basira. A 1901 Clark Wissler ya kwatanta sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje da makin ɗaliban jami'ar Columbia a Amurka, ya tarar kusan ba abin da ya haɗa su. Charles Spearman a 1904 ya ga wata alaƙa a tsakanin yaran lakkol na wani ƙauyen Ingila, kuma bincike na baya-baya ya nuna akwai ta, sai dai ƙarama ce idan gwaji ɗaya aka ɗauka. Ba ta kai a dubi yaro guda a ce ga matsayinsa ba.

A Faransa, Alfred Binet da Théodore Simon sun fitar da awon basira na farko a 1905, bayan ma'aikatar ilimi ta nemi hanyar gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman. Sun sa kwatanta tsawon layi biyu a cikin gwajin, amma a sahun tambayoyi masu sauƙi, waɗanda daga baya suka ajiye a matakin ɗan shekara huɗu. Tambayoyin da ke rarrabe manyan yara na fahimta ne, da tuna abu, da yanke hukunci. Binet kansa ya yi adawa da masu cewa basira ƙayyadadden rabo ne da ba ya ƙaruwa. Ya ƙirƙiro awon don a taimaki yaro, ba don a sallame shi ba.

Inda yaro ke kayar da babba

Akwai wani zane da ake kira da sunan Bajamushe Hermann Ebbinghaus, wanda kowa zai iya gwadawa a gida. A ɗauki dala goma guda biyu. A kewaye ɗaya da ƙwayoyin wake, a kewaye ɗayar da marufan kwalba manya ko ƙananan faya-fayai. Wadda ke tsakiyar wake za ta yi kamar ta fi girma, alhali ɗaya suke.

A 2010, Martin Doherty da abokansa na jami'ar Stirling a Sikotilan sun gwada wannan zane kan yara ƴan shekara 4 zuwa 10 da kuma manya. Sakamakon ya ba mutane mamaki: yaran da ba su kai shekara bakwai ba sun fi manya faɗin gaskiyar girman, domin abin da ke kewaye bai cika ruɗarsu ba. Ƙwaƙwalwar babba ta saba auna kowane abu da maƙwabtansa, kuma wannan sabo, mai amfani a rayuwa, shi ke kayar da ita a nan. Da kaifin ido ne basira, da sai a ce ɗan shekara biyar ya fi malamin jami'a.

Wurin da mutum ya tashi ma na da tasiri. A 2007 masu bincike daga kwalejin Goldsmiths ta Landan sun kai zanen wurin Himba, makiyayan arewacin Namibiya, suka tarar ruɗin bai kama su kamar yadda yake kama Turawan Ingila ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna Himban da suka koma zama a garin Opuwo sun fara ruɗuwa kamar sauran mutanen birni. Tun a 1966 Marshall Segall da Donald Campbell da Melville Herskovits suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum kusan 1,900, akasarinsu a Afirka, da wani zane na layi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kan kibiya a buɗe, ɗaya a rufe. Amurkawan garin Evanston ne suka fi kowa ruɗuwa, mafarautan San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar zanen ya taɓa su. Masana na muhawara har yau kan dalilin, amma babu mai cewa bambancin basira ne.

Darasin ga yankinmu a fili yake. Yaron da ya tashi a rugar da ke kusa da Yekuwa, idonsa a kan garke da fili, da wanda ya tashi a Birnin Damagaram cikin gine-gine da talabijin da salula, ba lalle su ga zane ɗaya iri ɗaya ba. Kowa idonsa ya horu da abin da ya saba kallo.

Inda basira ke shigowa

To ina alaƙar take? Carl Granrud na jami'ar Arewacin Kolorado a Amurka ya yi aikin da ya fi fito da ita. A binciken da ya wallafa a 2009, ya fita fili da yara ƴan shekara 5 zuwa 10, ya ajiye abu a nisan mita 6 da kuma mita 61, ya ce su faɗi girmansa. A kusa, bambancin da ke tsakanin yaran bai taka kara ya karya ba. A nesa kuwa, ƙananan sun rage wa abin girma, manyan sun kusa dacewa. Abin da ya raba su shi ne sani: yaron da ke iya bayanin cewa nisa na sa abu ya yi kamar ƙarami shi ke ƙara wa abin da ya gani kafin ya ba da amsa. Wani aikin da ya biyo baya a 2010 ya nuna wannan dabara na tafiya da ƙarfin tunanin yaro. Idon yaran biyu abu ɗaya ya gani. Ɗaya ya tsaya a kan ganin, ɗayan ya ce a ransa: yana da nisa, don haka ya fi yadda nake ganinsa.

Batun kunu da dogon kofi shi ma nan ya dosa. Jean Piaget, masanin Jeniba ta ƙasar Suwizalan, shi ya shahara da wannan gwaji tun wajen 1941. Ya lura cewa ƙaramin yaro na kama siffa ɗaya ne, kamar tsawon da ruwa ya kai, ya manta da faɗin mazubin. Sai ya girma kaɗan yake riƙe biyun a lokaci guda, ya kuma gane cewa tun da ba a ƙara ba, ba a rage ba, yawan na nan yadda yake. Wannan fahimta na zuwa daki-daki. Yawancin yara kan gane ta a kan ƙirga wajen shekara 6 zuwa 7, a kan ruwa da curin yumɓu wajen 7 zuwa 8, a kan nauyi wajen 9 zuwa 10. Ɗan shekara biyar da ya zaɓi dogon kofi yana kan hanyarsa daidai. Hausawa sun riga sun ba wannan mataki suna: bai yi wayo ba tukuna. Kalmar “tukuna” ita ce muhimmiya.

Abin da aka gano a maƙwabta

Gwaje-gwajen da suka fi kusa da rayuwarmu an yi su ne a Afirka ta Yamma. A 1961 Douglass Price-Williams ya gwada yaran Tibi na tsakiyar Najeriya waɗanda ba su taɓa shiga lakkol ba. Ya yi amfani da ƙasa da ƴaƴan itace, abubuwan da suka saba taɓawa. Zuwa shekara 7 ko 8 sun gane cewa yawa ba ya canzawa don an canza mazubi, daidai da shekarun yaran Jeniba.

A Sanigal, Patricia Greenfield ta wallafa aikinta kan yaran Wolof a 1966. Cikin yaran ƙauye da ba su je lakkol ba, kusan rabi ne kawai suka ba da amsar da ake nema ko a shekara 11 zuwa 13. Wasu sun ce ruwan ya ƙaru ne saboda ita baƙuwar ce ta zuba shi. Da ta miƙa musu kofin suka zuba da hannunsu, adadin masu dacewa ya tashi sosai. Yaran ba su canza ba, wanda ke riƙe da kofin ne ya canza.

A Laberiya, John Gay da Michael Cole sun je binciken dalilin da ya sa yaran Kpelle ke shan wuya da lissafin lakkol, suka fitar da littafinsu a 1967. A cikin aikin sun cika kwanoni da shinkafa, suka ce a ƙiyasta gwangwani nawa ke ciki. Manoman Kpelle da ba su yi boko ba sun kayar da Amurkawa masu ilimi da tazara mai yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Magarya ya ga mai awo ta dubi tarin hatsi ta faɗi tiya nawa ne kafin a auna, ba zai yi mamaki ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma kimar da ya sani ita ce ta abin da ya daɗe yana aunawa.

A Zambiya kuma, Robert Serpell ya kwatanta yaran Lusaka da na Manchesta a 1979. Ya ce su kwaikwayi siffofi ta hanyoyi daban-daban. Da waya, yaran Zambiya suka yi fice, domin sun saba ƙera motocin wasa. Da takarda da fensir, yaran Ingila suka yi gaba. Da yumɓu, suka yi kunnen doki. Yaron Dungas da ke ƙera mota da kara da gwangwani, ƙafafunta huɗu daidai wa daida, ya san gwargwado. Idan ya kasa nuna hakan a kan takarda, takardar ce baƙuwa gare shi.

Yadda aka yi tambayar ma na iya kayar da yaro. A 1974 masu bincike a Amurka sun nuna cewa idan babba ya yi tambaya, ya taɓa kayan, ya sake maimaita tambayar, yaro kan ɗauka amsarsa ta farko ce ba daidai ba, sai ya canza. A wannan shekarar James McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinbara suka sa ƴar tsana ta hargitsa jerin kayan kamar bisa kuskure, sai akasarin ƴan shekara huɗu zuwa shida suka ce yawan bai canza ba. A gidajenmu, inda ake horon yaro kada ya yi musu da babba, wannan tarko ya fi zurfi.

Sai harshe. A Faransanci kalmar “grand” na ɗaukar tsawo da girma duka. A Hausa “babba” na iya nufin jiki, ko shekaru, ko matsayi, kuma “ya fi yawa” dabam yake da “ya fi tsawo”. Yaron CI da aka tambaya cikin harshen da ya fara ji makonni kaɗan da suka wuce, gwajin harshe ake yi masa, ba na ido ko na basira ba. Awon PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar ne suka kai matakin da ake nema a karatu, na 2019 kuma ya nuna kusan kashi 30. Babu ƙasar da akasarin ƴaƴanta daƙiƙai ne. Irin waɗannan alƙaluma na magana ne a kan yadda ake koyarwa da harshen da ake koyarwa da shi. Tun 1973 aka buɗe lakkol ɗin gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ƙofar gyara a buɗe take.

Buƙata ma na ƙara wa abu girma

A 1947 Jerome Bruner da Cecile Goodman na jami'ar Harvard sun ba yara 30 ƴan shekara goma wata na'ura mai fitar da da'irar haske, suka ce su daidaita ta da girman tsabar kuɗi. Yaran sun ƙara wa kuɗin girma fiye da yadda suka ƙara wa kwali mai faɗi ɗaya, kuma ƴaƴan talakawa sun fi ƴaƴan masu hali ƙarawa. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya sun ga bambancin ya fi fitowa idan daga tuni yaro ke ƙiyasi, ba kuɗin na gabansa ba. Ko ta yaya, abin da rai ke so na shiga cikin awon. Yaron da ya rantse curin furar ɗan'uwansa ya fi nasa, wataƙila yunwa ce ke magana.

Zaɓen dala biyar a bar dala goma kuwa ba kuskuren ido ba ne ko kaɗan. Tsabar dala biyar ta fi ta dala goma faɗi da gaske. Abin da yaron bai koya ba tukuna shi ne darajar kuɗi yarjejeniya ce ta mutane, ba ta bin faɗi. A garuruwan iyaka, inda sefa da naira ke yawo a kasuwa ɗaya, ƴan talla kan koyi wannan da wuri, har su iya canji tsakanin kuɗin biyu kafin su iya rubuta sunansu.

A fara duba idon da jikin

Kafin a zargi kan yaro, a tabbatar idonsa na gani. Yaron da ba ya hangen nesa ba ya sanin cewa sauran na ganin allo tangaran, don haka ba zai yi ƙorafi ba. Alamunsa su ne ƙanƙance ido, kusanto da littafi har hanci, karkata kai, da kwafar rubutu daga maƙwabci maimakon allo. Wanda ke tuntuɓe da zarar magariba ta yi, mai yiwuwa dundumi ne, alamar ƙarancin bitamin A. Amodari, wanda jahar Damagaram ta daɗe tana yaƙi da shi, na farawa tun yarinta da ƙaiƙayi da kwantsa. Harara-garke kuma, in ba a kula da shi kafin shekara bakwai ko takwas ba, na iya raunana ido ɗaya har abada, kuma idanu biyu ne ke taimaka wa mutum gane nisan abin da ke kusa. Wani gwaji da aka wallafa a 2014 kan yara kusan 3,000 a karkarar yammacin Sin ya nuna ba da tabarau kyauta kawai ya ɗaga makinsu na lissafi.

Abin da ya fi barazana ga basirar yaran Magarya da Dungas yana faruwa tun kafin su ga ƙofar aji. Fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon shekarunsu ba saboda daɗaɗɗiyar tamowa, kuma Damagaram na cikin jahohin da abin ya fi tsanani. Ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da ma'aikatar lafiya a Magarya tun 2005, kuma a watan Satumba 2018 ta sanar cewa kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin, akasari saboda masassarar cizon sauro da tamowa. Waɗanda suka tsira ma ba duka ke fita lafiya lau ba: ƙarancin jini, da ƙarancin aidin, da masassarar da ta taɓa ƙwaƙwalwa na rage ƙarfin mai da hankali da riƙe karatu. Maganin rigakafin masassara na damina da ake rabawa tun 2013, da bitamin A duk wata shida, da gishiri mai aidin, da nonon uwa zalla a wata shida na farko, duka kariya ce ga basira.

Tamowa na jawo wani ruɗin kuma, wannan karon a idon manya. Inda yaro ba shi da takardar haihuwa, da jiki ake ƙiyasta shekarunsa, wani lokaci da tsohuwar dabarar ɗora hannu bisa kai a taɓo kunne. Ɗan shekara takwas da bai yi tsawo ba sai a ce bai isa lakkol ba. Ɗan shekara biyar mai jiki sai a tura shi aji, a kuma yi tsammanin tunanin ɗan bakwai daga gare shi.

Abin da iyaye da malamai za su iya yi

Na farko, gwajin ido mai sauƙi. A tsayar da yaro a nisan mita shida cikin haske, a rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, a nuna masa ƙananan abubuwa ko rubutun allo, sannan a sauya ido. Idan ido ɗaya ya gaza ɗayan, ko yaron ya gaza tsaransa, a kai shi asibitin CSI mafi kusa domin a tura shi wurin masu duba ido. Fari a tsakiyar ƙwayar ido ba ya jiran gobe.

Na biyu, a bar yaro ya auna da hannunsa. Ya zuba hatsi daga tiya zuwa ƙwarya ya mayar. Ya mulmula yumɓu ya miƙar da shi ya sake curewa. Ya auna tsawon ɗaki da taki, da igiya, da kamu. Ya tsaya kusa da rumbu, ya yi nisa, ya faɗi abin da ya canza da abin da bai canza ba. A fara da kayan gaske kafin a zo ga hoton littafi.

Na uku, a gyara tambaya. A yi ta sau ɗaya, cikin harshen da yaro ke ji, a fayyace ko tsawo ake nufi ko yawa. Bayan ya amsa, a ce masa: “Yaya aka yi ka sani?” Amsar wannan ita ke nuna inda tunaninsa ya kai, ko da amsar farko ba daidai ba ce. Idan yaro ya wuce shekara tara ko goma yana ta faɗuwa a irin waɗannan abubuwa cikin harshensa da kayan da ya saba, kuma yana baya a magana da ayyukan gida, to ya cancanci a kai shi ga ma'aikacin lafiya, a kuma ƙara masa lokaci a aji maimakon a cire shi.

Misalin da ya fi dacewa da wannan darasi a jaharmu aka yi shi. Tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye kusan 13,000 a yankin Dogo na gundumar Mirya yadda ake auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku, inda ja ke nufin ƙasa da milimita 115. An kwatanta aikinsu da na ma'aikatan sa kai a yankin Takeita, aka tarar uwayen ba su gaza ba, kuma yaran da suka gano sun fi isa asibiti da wuri. Akasarin matan nan ba su taɓa zama a aji ba. Uwa na kallon ɗanta kullum, amma ramar da ke zuwa sannu a hankali na iya ɓoye wa idonta, sai zaren ya tona. Abin da aka koya musu shi ne abin da ya kamata yaro ya fita da shi daga CI da CP: ka duba da ido, sannan ka auna.